Kilo Ɗaya da Ɗan Ɗori

Shekara sha tara ina tsaye a mahautar Oko-Oba,
hannuna ya riga sikeli sanin nauyi.
In mace ta ce rabin kilo, wuƙata ba ta kuskure,
ko da na rufe ido.

Daren Talata aka ɗora 'yata a kan farantin awo,
allurar ta motsa kamar mai jin kunya,
ta tsaya a kilo ɗaya da ɗan ɗori.
Ban ce uffan ba.
Abin da nake naɗe wa mai buka kowace safiya ya fi ta.

Wata bakwai ta yi, ta fito.
Fata kamar ɓawon albasa, jijiyoyi a fili,
yatsun ƙafa ƙwayoyin shinkafa,
kukan ma sai ka kasa kunne.

Sista Abosede ta zaunar da ni a benci,
da Hausarta ta Agege mai karyayyen baki.
Kowace tambaya tata a gaɓa take sara.
Sau nawa Ramlatu ta zo awo?
Sau ɗaya. Layi ya yi tsawo, kaskon awara na jira.
Zazzaɓi fa?
Ai maƙwabcinmu ne, kwatar bayan ɗaki ba ta bushewa.
Gidan sauron da aka ba ta?
Yana nan a ledarsa, ɗakin zafi.
Kumburin ƙafa, ciwon kai, ganin duhu?
Mun ce laulayi ne, kowace mace na yi.
Ta ce jini ne ya hau,
wata biyu yana buga ƙofa, ba wanda ya leƙa.
Yaron da ke bayanta?
Ko yaye bai yi ba.
Ta ce gona ma akan bar ta ta sha iska.

Ni na ƙara sauran da bakina:
tsayuwa tun asuba a bakin titi,
hayaƙin itace a ido da rana,
na janareton maƙwabci ta taga da dare,
jarkokin ruwa biyu daga famfon Iya Tope.

Sai ta ja fatar idon Ramlatu ƙasa, ta nuna min.
Fari fat.
Me take ci?

Ni ne fa mai ɗaga murya a kasuwa:
hanta, madam, hanta na ƙara jini!
In sayar har ta ƙare,
in koma gida da kuɗi a aljihu, ƙashi a leda.

Sista ta dube ni, ta sassauta.
Wata kan kiyaye komai, in ji ta,
ɗan ya zo da wuri duk da haka.
Ba shari'a nake maka ba.
Amma ƙofar da ke rufuwa, a rufe ta.

Yau kwana goma sha shida.
Suna ya wuce ba taro, ba maroƙi,
a kunne na raɗa mata: Sumayya.
Uwarta ta yi barci, kofin tatsar nono a gefenta.
Na wanke hannu sau uku, har ƙarnin mahauta ya bar ni,
na ɓalle maɓallan riga,
aka kwantar min da ita a ƙirji, fata da fata,
aka ɗaure mu da zanen uwarta.
A waje ruwan Legas na dukan kwano,
kwandastan danfo na kiran Oshodi,
a nan kuwa wata ƙaramar zuciya
tana ƙirga nata lissafin a kan tawa.

Da safe aka sake awo.
Giram ashirin ta ƙara.
Giram ashirin, abin da nake jefa wa mai ciniki gyara
ba tare da na ko duba ba.
Na fita bayan asibitin,
na jingina da bango,
na daɗe.