Zaren Ƙafa

A Wad Madani, saman shagon mai gyaran fanka,
Dakta Ihsan ba ta rubuta magani.
Kujera biyu, randar ruwa, taga mai kallon Nilu.
Talata bakwai ina tasowa daga Mai Wurno
ina zazzage mata kaina kamar buhun dawa.

Ran ta takwas ta tsayar da ni,
da Hausar da ta gada wurin kakarta:
"Malam Bashari, na ƙirga.
An sa ka ɗinki, an yi maka aure,
aka rufe shago, aka ce ka yi haƙuri.
Wane ne wannan An?
Tun zuwanka ban ji ka ce na ba."

Na ce ai kunya ce, haka aka tarbiyyantar da mu.
Ta ce, "Ka ji ko? Aka."

Ta miƙo mini wayarta.
Jariri ɗan wata uku, kwance,
an ɗaura zare daga ƙafarsa zuwa kacau-kacau.
Ya shura, abu ya yi ƙara.
Ya tsaya cak. Ya sake shurawa.
Sai dariya, har da ciki, har da yatsu.
Da aka kwance zaren
wani ya riƙa kaɗa masa da hannu,
yaro ya ɓata rai.
"Ba ƙarar yake so ba," in ji ta,
"so yake ya san shi ne ya yi.
Kuma zaren farko fuskar uwa ce.
In ya yi murmushi ba ta amsa ba,
zai gwada, ya ƙara gwadawa,
sannan ya juya wa bango."

Shekarar da aka haife ni kogi ya ci Baba.
Inna Gambo ta fita takaba, idonta bai fita ba.
Tana ba ni nono tana kallon ƙofa.
Ban tuna ba.
Wuyana ne ya tuna:
har yau bango nake fuskanta in zan kwanta.

Ban yi kuka a gabanta ba.
Na sha jabana a tasha, da citta mai yawa.

Bayan la'asar na nemo mabuɗin shago
cikin gwangwanin maɓallai.
Keken ya yi ƙura, bel ya saki,
gizo-gizo ya riga ni ɗinki.
Na zura zare, sau uku yana kuɓucewa.
Na ɗora ƙafa.
Na taka.

Ya amsa.

Na tsaya cak, ni da furfurata,
na sake takawa.