Kumfar Tumba

Shagona yana bakin tashar Jega,
tsakanin mai faci da mai sayar da caja.
Nan Arzika mai albasa ya same ni da hantsi,
ya zaro hoto daga aljihun gaba,
gefe ya sha ruwa, kusurwa guda ta karye,
launin ya soma koɗewa.

Yarinya ce, ba ta wuce biyar ba,
kumatu cike da iska,
karan gwanda a baki,
gwangwanin ruwan omo kusa da ƙafarta.
Amma bakin karan wayam.
Ya ce, “Ɗiyata ce, Tumba.
Kumfar ta kai girman lemu, na rantse,
mai hoto na gyaran tsayuwa
ta riga shi fashewa.

Jibi take ƙare karatun jinya Birnin Kebbi.
An ce injinka na maido abin da ya ɓace.”
Na ce, “Baba, ƙirƙira yake, ba ya maidowa.”

Ya ja benci ya zauna. “To, ƙirƙiro.”

Na ɗora hoton a allo, na buɗe manhaja,
na yi sabuwar shimfiɗa bisa tsohuwa,
irin wadda ido ke ratsawa.
Na ja da’ira a bakin karan,
na ƙwaƙule cikinta, na bar fatar kawai,
na lallashi gefen har ya bar yanka ido.
Ɗigon fari a sama ta hagu, masaukin rana.
Shuɗi kaɗan, ja kaɗan, da kore mai kunya,
kamar baƙin mai a kwatar maƙwabcina
idan ruwan sama ya gama wucewa.

Na kwafe ta sau tara, manya da ƙanana,
na watsa su sama da kan yarinyar.
Na jingina da kujera ina jiran yabawa.

Ya matso har numfashinsa ya taɓa allo.
“Wagga ba kumfa ba ce, yaro, ƙwallon gilas ne.
Kuma ina ka taɓa ganin kumfa da tagwaye?
Ta gaskiya da gida take tashi.
In ka leƙa, ga dogon yaro a kife,
ga rumbu, ga igiyar shanya,
duk sun lanƙwashe sun shige cikinta
kamar masu tsoron a bar su baya in tana hawa.”

Shekara shida ina wannan sana’a,
mai albasa ne ya nuna mini inda nake kasawa.

Na goge takwas. Na koma kan guda.
Na yanko itacen daga kusurwar hoton,
na juya shi ƙasa a sama, na tanƙwara,
na rage masa ƙarfi har ya zama raɗa.
Can baya akwai zane a igiya, mai ruwan goro,
na ɗauko shi, na sa a cikin kumfar,
ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar dawa.

Ya daɗe bai ce komai ba.
“Zanen uwarta ne,” ya ce. “Allah ya jiƙanta.”
Yatsansa ya miƙo, ya tsaya nesa da allo,
ya san halin abin da ba ya son taɓawa.

Sai ƙit! Aka ɗauke wuta.
Fanka ta mutu, allo ya yi baƙi,
ni kuwa ban adana ba, ko sau ɗaya.
Na dafe kai ina neman kalmar ban-haƙuri,
sai na ji dariyarsa cikin duhun shago,
har benci na girgizawa.

“Yanzu na yarda da aikinka,” ya ce.
“Ta tashi, mun gan ta, ta fashe.
Je ka ja janareto, ni zan sayi man.
Tumba ma haka take yi:
ta sake tsoma karan a gwangwani,
ta ci gaba da hurawa.”