Mai Riƙon Eriya

Daren Asabar a Rijiyar Ɗorawa
gida ɗaya ke da akwatin kallo,
gidan Arzika mai gyaran rediyo.
Ana sallame isha'i an share tsakar gida,
an jawo batirin mota an ɗaura masa waya,
tsofaffi bisa tabarma, yara bisa diddige,
mata a bayan zana, kowace da ƙofar idonta.

Ban da ni.
Ni ina kan soro, rungume da gorar eriya,
don duk unguwa ba wanda ya kai ni rashin nauyi.
"Juya gabas! Ƙara kaɗan!
Tsaya nan, ko numfashi kar ka yi!"

Da kunne na koyi kokawa.
In ganga ta ƙara sauri, an shiga fage.
In tsofaffi suka yi tsit, an kama ƙugu.
In Inna Tumba ta rangaɗa guɗa
har tantabaru suka tashi a gefena,
to Nomau na Gwiwa ya kai wani ƙasa.

Akwatin bai fi faifai faɗi ba,
hoton fari da baƙi, yana zubar da tsaki,
amma ya ɗauki manomin gero
ya kai shi garuruwan da jakinsa bai taɓa takawa ba.

Wayewar gari sai rairayin Rima.
Tsumma ya zama laya, toka ta zama asiri,
kowa Nomau, ba mai yarda ya zama wanda aka kayar.
Can Tunau ya karye a hannu,
har yau bai miƙe ba, har yau nuna shi yake.
Can yayata Hajo ta dasa maza uku a ƙasa,
muka haɗa baki ba a ji a gida ba.

Sai tauraro ya zo da nasa ƙattin,
masu sheƙi da mai, masu dira daga igiya.
Sai ƙwallon ƙetare, naira ashirin a bakin ƙofa.
Shirin Asabar ya tafi ba sallama,
ba wanda ya yi wa wani ta'aziyya.
Gorar tawa aka sare, aka yi rumfar awaki.

Bara 'yata ta miƙo mini waya:
"Baba, ba wannan ne mutumin naka ba?"
Shekara arba'in ina ba da labarin wannan kaye,
ashe bai kai tsawon atishawa biyu ba.

Na same shi a kasuwa bayan tulin albasa,
gwiwa ta kumbura, ido ya yi hazo.
Ya kai wayar dab da hanci, ya kalla sau uku.
Ya ce, "Wanga yaro gaggawa gare shi.
Da ya jira ƙafar hagu, da bai sha wahala ba."

Ya zaɓo mini albasa biyu manya, ya ƙi kuɗi.
"Kai ina kake a daren?"
Na ce, kan soro, da gora a hannu, ban ga komai ba.
Ya daɗe yana dubana.
"Ashe kai ka riƙe ni ban faɗi ba."

Na dawo gida kafaɗata na tsami,
ta dama, wadda ke fuskantar gabas.