Ambato Tara

Ranar da Dakta Amparo Etchegoyen ta ajiye aiki
ruwan Yuli na dukan tagogin Montevideo,
iskar kogi ta hana kowa tuɓe rigar sanyi.
Shugaban tsangaya ya miƙe da takarda,
ya karanto rayuwarta kamar mai karanta rasit:
maƙala ɗari da goma sha huɗu,
ambato dubu goma sha ɗaya da ɗoriya,
abokan bincike a ƙasa goma sha bakwai.
Aka yi tafi. Ni ma na tafa,
hannuna na warin sabulun wanke kwalabe.

Ni ne Wilmar, mai kiwon ɓerayenta.
Shekara ashirin da shida ina auna musu abinci,
ina maƙala lamba a kunne,
ina rubuta wanda ya kumbura da wanda ya warware.
Sunana na can ƙasa, wajen godiya,
cikin rubutu kamar sawun tururuwa.
Ba na jin haushi. Sai dai jefi-jefi.

Shugaba ya ce, ga zakaran gwajin dafi,
ita kaɗai ambato dubu huɗu!
Na dubi Amparo, ta dubi ƙoƙon shayinta.
Mu biyu mun san ta: shafi biyar ce,
yadda ake wanke fararen ƙwayoyin jini
ba tare da sun mutu a hanya ba.
Mako biyu ta yi tana rubuta ta, tana fama da mura,
don kawai a daina damun ta da waya.
Duniya ta ɗauke ta kamar gishiri,
kowa ya barbaɗa a miyarsa.

Wadda take so kuwa, shugaba bai karanto ba.
Shekara takwas ta ci.
Ita da Okabe na Sendai, da sau biyu suka taɓa gaisawa hannu da hannu,
darensa ranarta, ranarsa darenta,
saƙo ya tafi, kwalin ƙanƙara ya dawo.
Akwai wanda kwastan suka riƙe kwana shida,
samfurin ya narke.
Ta zauna daɓas jikin firji ta yi kukanta,
ta miƙe ta ce, Wilmar, mu koma farko.
Tambaya ɗaya suke bi:
me ke sa garkuwar jiki ta mance mai gida,
kare ya juyo ya ciji hannun da ya raine shi?
Mujalla uku suka dawo da ita.
Mai tantancewa na biyu ya ce ɓerayen sun yi kaɗan.
Ɓerayena!
Ta huɗu ta karɓa, ba yabo ba fallasa.
Yau shekara goma sha ɗaya, ambato tara,
uku a ciki ita ce ta ambaci kanta.

Amma akwai wasiƙa a aljihun tebur, ƙarƙashin matattun batura,
daga wata likitar yara a Tacuarembó
da ta karanta ta daren da dabara ta ƙare mata.
Ta ce ita ba ta iya rubuta maƙala ba,
ga dai hoto:
yaro kan keke, kumburin gwiwa ya sace,
yana dariya da giɓi.
Kwamfuta ba ta san da wannan ba.
Ba ta ƙirga keke.

Da taro ya watse, ɗalibai suka raba gado:
littattafai, farar riga, kujerar nan mai ƙara.
Okabe ya turo layi biyu, da asubahin garinsu.
Ta karanta, ta kife wayar,
ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate,
ta zuƙa, ta cika, ta miƙo mini.
Ta ce, keji na goma sha biyu, an duba shi yau?
Na ce, ke fa kin ajiye aiki.
Ta ce, ai su ba su sani ba.

Na ɗauko makulli. Muka sauka.