Uwar Garke a Ɗakin Ƙasa

A Sheffield, kan layin da ke gangarawa kogi,
gidanmu na da ɗakin ƙasa mai warin danshi.
Nan na ajiye ta, gefen injin wanki,
uwar garken da na saya fam tamanin
wurin wani likitan haƙori da ya rufe asibiti.
Da ƙyar muka sauko da ita, ni da Tanimu,
nauyi kamar dutsen niƙa.

Ba sha'awa ta sa ni ba.
Bara kamfanin can ya goge Baba Cindo.
Minti goma sha ɗaya yana ƙera lauje a Gumel,
yana faɗin yadda ake gane ƙarfe ya nuna,
rediyon maƙwabci na kiɗa can baya.
Suka ce kiɗan yana da mai shi.
Baban fa? Ba su tambaya ba.
Wata uku ke nan da yi masa sutura.
Na ce, hatsin da ke rumbun wani,
ko naka ne, da sallama kake ɗiba.

Na dawo aikin dare, ko takalmi ban cire ba.
Baƙin allo, ɗan farin ɗigo na ƙifta ido
kamar yaron da ke jiran aike.
Na aike shi. Ya dawo: ba ki da izini.
A gidana? Da kuɗina?
Tanimu ya yi dariya da burodi a baki:
"Umma, sai kin gaya masa ke ce babba."
Haruffa huɗu na sa a gaba, ya rusuna.

Na haƙa rumbun bayanai, na sa masa kalmar sirri,
sunan akuyar da na yi kiwo ina shekara tara.
Na ja katanga, na bar ƙofa biyu,
ta tamanin, da ta ɗari huɗu da arba'in da uku,
sauran na toshe,
don tun kafin asuba baƙin da ban gayyata ba
sun fara taɓa ƙyaure, suna gwada mabuɗi.

Sai ta ƙi tashi.
Kwana uku.
Na bi littafin kokenta layi-layi,
na zargi waya, na zargi masu intanet,
na zargi Tanimu, Allah Ya yafe mini.
Ashe gurbi ne guda, fanko,
da yatsana ya ƙara a bakin layi na sittin da biyu.
Abin da bai kai ƙwayar gero ba,
babu ce ma tsagwaronta,
ita ta hana ni barci.

Na goge babun. Takardar shaida ta iso,
ɗan kwaɗo ya datse a gefen adireshi.
Na ɗora Baba Cindo.
Fanka ta ɗau huci kamar zugazugi,
mitar lantarki na lasar kuɗina ina kallo,
uwar garke na kasa shi kashi-kashi:
mai kaifi don masu wadatar layi,
mai dishi-dishi don Gwaggo Ladingo,
wadda sai a gindin darbejiya waya ke kama mata.

Laraba, ruwa na dukan taga.
Ƙasan hoton aka rubuta: masu kallo, biyu.
Ni ce ɗaya.
Ban motsa ba har shayina ya huce.

Can sai ga muryarta, iska na kaɗa ta:
"Fuskar ba ta fito sosai ba,
amma gudumar tasa ce, ko a mafarki na san ta.
Kuma kar ki cire rediyon nan,
na Mati ne, shi ma ya tafi."

Na sauka ɗakin ƙasa da takarda da salatif,
na manna a jikin soket, Hausa a sama,
Turanci a ƙasa don mai duba gas:
Kar a kashe. Akwai mutane a ciki.