Shafi Na Tara

Sha ɗaya na dare a Tudun Wada, Gusau.
Batirin sola ya ce saura kashi talatin da ɗaya.
Na buɗe littafin bayanin da na rubuta bara,
ya dube ni kamar mai bina bashi.

Manhajar ba ta da wuyar sha'ani:
ka rubuta mata magana, ta mai da ita zane.
Ka ce madatsa, ta yi akwati.
Ka ce gona, ta yi wani.
Ka sa alama tsakaninsu, kibiya ta fito
ta nuna wa ido inda abu ya dosa.
Ba rula, ba goge-goge.

Da damina na ƙara mata wayo.
Kibiya ta koyi lanƙwasa,
tana kewaye akwati maimakon huda cikinsa.
Suna mai ƙugiya, irin su Ɓaure da Ƙaura,
ya daina fitowa da alamar tambaya a ka.
Na kuma juya alamar gaba da baya
don sabuwar ta fi gajarta.
Ranar Alhamis na saki siga ta huɗu,
na ci tuwona, na yi barci har da minshari.
Shafi na tara kuwa, ko leƙa shi ban yi ba.

Shekaranjiya waya ta yi ƙara.
Lawali Ɗan'ige ne daga Talata Mafara,
mai tsara wa manoma rabon ruwan rani,
wace magudana yau, wace gobe.
"Shafa'atu, mi kinka yi ma abin ga?
Na bi takardarki baƙi bayan baƙi,
ga ruwa sun juya suna hawan tudu,
daga gonar albasa suna komawa dam!
Na liƙa ga bango, tsoffi sunka taru,
wani ya ce in haka na, shi za a biya kuɗin ruwa."

Na yi dariya.
Sai dariyar ta maƙale a wuya.
Mutumin bai kuskure ko ɗigo ba.
Ni na karkatar da hanya
na bar allo yana nuna tsohuwar kwana.
Rijiya ta bayar, guga ya hana,
ga shi ni ce rijiyar, ni ce gugan.

Shi ya sa nake zaune yanzu
da sauro a idon sawu da shayin da ya huce.
Misali sha bakwai ne a littafin.
Ina kwafo kowanne, in ba manhaja, in jira.
Biyar sun faɗi.
Ɗaya ya zana abin da ya yi kama da gizo-gizo da aka taka.
Wata jimla ta ce "a sauƙaƙe kawai",
na goge ta, don sauƙin a kaina yake zaune,
bai taɓa zuwa Mafara ba.

Inda na sa akwati na ɗaya da akwati na biyu
na sa madatsa, babbar magudana, ƙaramar,
sai gonar albasa a ƙarshe, ƙasa,
inda ruwa ke zuwa tun da aka yi ruwa.
A saman shafi na rubuta da manyan baƙaƙe:
wannan ya sauya, ga yadda yake da, ga yadda ya koma,
laifin nawa ne.

Saura kashi huɗu. Na tura.

Da hantsi hoto ya shigo:
takarda a bango, kibiyoyi duk sun gangara.
Ƙarƙashinsa saƙo:
"Ya yi. Amma akwai magudanar da ba ta gudu sai Talata.
Ko za a samu kibiya mai ɗigo-ɗigo?"

Za a samu, Lawali.
Na buɗe sabon shafi, na goma,
na fara bayanin kibiyar da ban ƙera ba tukuna.