Tukunyar Sallau Mai Tsire

Ranar da aka ce kowa ya zauna gida
na yayyafa wa gawayi ruwa, na rufe tukuba.
Shekara goma sha tara ina gashi a bakin titin Agege,
ban taɓa jin titin ya haɗiye muryarsa ba.
Danfo sun kwanta jere kamar shanu masu tuƙa,
ruwan sama kaɗai ke da izinin fita.

Sanyin damina ya shigo ta ƙasan ƙofa,
ya hau katifa, ya zauna mini a gwiwa.
Nama ya yi tsadar da ko mahauci sai dai ya gaishe shi,
ga kuma maganar malamar asibiti tun kafin kulle:
"Sallau, jininka ya hau, ka sassauta wa kitse."

Ni da na girma cikin ƙaurin tsire,
ni da nake cewa miyar da ba nama ruwan wanki ce,
ga ni tsugune gaban risho
da mudun wake da albasa biyu.

Iya Morenike ta ɗakin ƙarshe ta ƙwanƙwasa da sanda,
ta ajiye ƙunshi, ta ja baya taku uku.
"Ewedu," in ji ta, ta cikin takunkumi.
Na kwance, na yi dariya ni kaɗai.
Lalo ne!
Lalon da Inna Yalwa ke tsinkowa a bayan rumbu.
Iru ɗin da ta haɗo kuwa daddawa ce da ba ta sha daka ba.
Ashe na yi kwana biyu a mota
don in tarar da miyar gidanmu ta sake suna.

Na kira ƙanwata Lantana, na ce yaya ake awara?
Ta yi dariya har kati ya ƙare.
Washegari ita ta kira:
jiƙa waken suya, kai inji, tace,
in ya tafasa ka zuba ruwan tsami, kada ka yi garaje.
Na farko ya zama kunu.
Na biyu ya wargaje a hannu.
Na uku ya tsaya, fari, da taurin kai irin nawa.

Na yanka, na soke a tsinke,
na shafa yajin ƙuli, na juya bisa ɗan garwashi.
Tasi'u yarona ya tauna, ya yi shiru,
ya ce, "Maigida, wannan naman ba shi da jijiya."

Azumi ya same mu a haka.
Buɗa-baki da gwanda, kwaɗon zogale,
faten wake da alayyahu,
rediyo na ƙirga waɗanda suka kamu,
mu muna ƙirga ganyen da ya tsiro
a bokitin fenti uku da na jera ƙarƙashin indararo.
Da asuba nakan zagaya tsakar gida sau arba'in,
daga famfo zuwa igiyar shanya,
kyanwar Iya na bina da ido kamar mai bin bashi.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba.
In jiniya ta wuce da dare, cokali kan tsaya a hannuna.
Amma ciwon da ke riƙe mini ƙeya ya saki,
barci ya dawo ba tare da na roƙe shi ba,
na ƙara wa bel huda ɗaya da ƙusa.

Yau an buɗe hanya, na hura wuta,
hayaƙi ya gane ni.
A gefen waya, can nesa da kitse,
tsinke shida farare suna jiran yaji.
Masu saye suna nunawa suna dariya.
Ku yi ta yi.
Biyu na Iya ne, sauran nawa.